Kifayen akwatin gilashina suna mutuwa, tsirran kuma suna ruɓewa: wane magani zan saya?

Wani magidanci daga unguwar Bukoki a nan Yamai ne ya aiko da wannan tambaya. Ga abin da ya ce a taƙaice:

"A tsakiyar watan Maris na sayo wa yarana akwatin gilashi na kifin ado, tsawonsa santimita 60, faɗi 30, tsayi 35. Ranar da na kawo shi na cika shi da ruwan famfo, na dasa tsirrai, na zuba kifi 16: jan kifi (wanda ake kira goldfish) 4, sai ƙananan kifin ado, gufi 8, moli 4. Kwana biyar komai lafiya lau. Daga nan ruwan ya koma fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa, kifayen suna taruwa a sama suna buɗe baki, musamman da asuba. Duk ranar Juma'a nakan kwashe su, in wanke akwatin tas, har tsakuwa da soson mataci, in zuba sabon ruwa. Duk da haka 9 sun mutu cikin mako uku. Na ƙaro 6, sai 4 suka bi su. Ganyen tsirran ya yi rawaya, wasu sun yi laushi kamar an dafa su. Wane magani zan saya?"

Malam, Allah ya mayar da alheri, ya ba yaran haƙuri. Na san yadda abin yake, yaro ya tashi da safe ya ruga wurin akwati ya tarar da kifin da ya sa wa suna ciki sama.

Kada ka sayi kowane magani tukuna. Bisa abin da ka bayyana, kifayenka ba cuta ce ta kashe su ba, ruwan da suke ciki ne. Kuma zan faɗa maka abin da zai yi maka nauyin ji: wankin nan na kowace Juma'a, wanda kake yi da kyakkyawar niyya, yana cikin manyan abubuwan da ke ƙarasa su. Na shafe shekaru ina aikin kiwon kifi, na tafki da na cikin ɗaki, kuma mafi yawan akwatunan da aka kira ni in duba a garin nan wannan ne labarinsu.

Kifi a cikin ruwansa yake ci, a cikinsa yake kashi, a cikinsa yake numfashi. Babban dattin da yake fitarwa ba ma kashin da kake gani ba ne. Wani sinadari ne da ake kira amoniya, wanda ke fita ta wurin jan naman nan da ke ƙarƙashin kumatunsa, wato inda yake numfashi. Abincin da ya nutse bai ci ba, da ganyen da ya ruɓe, da gawar kifin da ta maƙale bayan dutse, su ma amoniya suke komawa. Ba ta da launi. Ruwa zai iya zama garau kamar hawaye alhali yana ƙona wa kifi manumfasa. A kogin Isa yawan ruwa ne ke tafiya da ita. A cikin akwati kuwa babu mai kwashe ta sai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani, da ba a ganinsu da ido. Rukuni na farko yana mayar da amoniya ta zama nitirit, wanda shi ma guba ne. Rukuni na biyu yana mayar da nitirit ya zama nitirat, mai sauƙin illa, wanda tsirrai ke ci, ragowar kuma kai ne kake rage shi da canjin ruwa. Sunayen biyu sun yi kama, to ka riƙe su da kyau: nitirit mai kisa ne, nitirat kuwa sai ya taru da yawa yake damun kifi.

Waɗannan ƙwayoyi ba yawo suke yi a cikin ruwa ba. Maƙalewa suke yi a jikin soson mataci, da tsakuwa, da bangon gilashi. Santsin nan da kake ji idan ka shafa soson, launin ƙasa-ƙasan da kake ɗauka datti ne, su ne. Sabon akwati ba shi da su, kuma kafin su hayayyafa su kai yawan da za su iya ɗaukar nauyin kifi, akan ɗauki mako huɗu zuwa shida. Kai kuwa ka zuba kifi 16 ranar farko, lokacin da babu ko ma'aikaci guda a wurin. Kwana biyar ɗin da ka ga lafiya, amoniya ce take taruwa sannu a hankali. Da ƴan ƙwayoyin suka fara kafuwa, Juma'a ta zo, ka wanke soso da tsakuwa da ruwan famfo. Ruwan famfonmu kuma da sinadarin kulorin aka tsabtace shi, ɗan'uwan ruwan zabel ɗin da mata ke sawa a wanki, kuma aikinsa kenan, kashe ƙwayoyi, ba ya tambayar mai amfani ko marar amfani. Saboda haka kowane mako akwatinka komawa yake yi ranarsa ta farko. Mako uku ko wata uku, in dai haka za a ci gaba, ba zai taɓa nuna ba, wato ƙwayoyin ba za su taɓa kafuwa ba. Shi kansa kulorin ɗin yana ƙona manumfasar kifi kai tsaye, ga wahalar kamu da kwasa da sauyin zafin ruwa farat ɗaya. Farin da ruwan ya yi kuwa wasu ƙwayoyi ne na daban da suka samu abinci a banza suka yi yawa. Ba su ne ke kisa ba, sai dai suna cin iskar da kifi ke buƙata. Ruwa ba ya tsami banza.

Yanzu mu yi lissafin akwatin. Ka ninka 60 da 30 da 35, ka raba da 1000, ka samu lita 63. Cire wurin tsakuwa da duwatsu da ɗan filin da ka bari a sama, abin da ya rage bai wuce lita 50 da ƴan kai ba. Jan kifi kuwa ba ƙaramin kifi ba ne, jariri ne aka sayar maka. Yana kai santimita 15 zuwa 20, wani ya wuce, yana shekara goma da ɗoriya idan ya samu kulawa, kuma cinsa da kashinsa sun ninka na gufi nesa ba kusa ba. Guda huɗu kaɗai sun fi ƙarfin wannan akwati ko da a ce ya nuna. Ban da haka, kifin ruwan sanyi ne. Ya fi jin daɗi tsakanin digiri 18 zuwa 24, yayin da gufi da moli suka fi son 24 zuwa 28. Haɗa su wuri guda kuskure ne da ake yawan yi, kuma ba na ɗora maka laifinsa, domin haka ake ganinsu tare a wurin masu sayarwa.

Sai batun zafi, wanda mu a Yamai ba za mu iya tsallake shi ba. Littattafan da ake rubutawa a Turai yawancin maganarsu yadda za a ɗumama ruwa ne. Mu a Afrilu da Mayu, lokacin da rana ke wuce digiri 40 kusan kullum, damuwarmu yadda za a sanyaya shi ne. A ɗaki mai rufin kwano, ba fanka, na sha auna ruwan akwati da la'asar in same shi a 33 ko 34. Ruwa kuma idan ya yi zafi iskar oksijin da yake riƙewa raguwa take yi: a digiri 20 yana riƙe kusan miligiram 9 a kowace lita, a 30 kusan 7.5, a 35 bai cika 7 ba. Wannan kuma iyakar abin da zai iya ɗauka ne, in komai ya tafi daidai. A daidai lokacin ne jikin kifin ke ƙara sauri saboda zafi, buƙatarsa ta iska tana ƙaruwa. Ga manumfasarsa da amoniya ta riga ta ƙona. Ita kanta amoniyar dafinta yana ƙaruwa da zafi da kuma hawan ma'aunin da ake kira pH, wanda ke sauka idan ruwa ya yi tsami, ya hau idan ya yi kanwa-kanwa. A pH 7, ɓangarenta mai dafi bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A pH 8, a digiri 25, ya haura kashi 5, idan ruwan ya kai digiri 30 kuma ya wuce kashi 7.

Ka ce da asuba abin ya fi tsanani. Wannan magana ta fi komai gamsar da ni. Da rana tsirrai da gansakuka suna fitar da iska. Da dare suna daina fitarwa, su koma sha tare da kifi da ƙwayoyin da ke cikin ruwan. Iska tana ta raguwa har zuwa kiran sallar farko, lokacin ne take kai ƙarshen ƙasa. Masu tafkin karfasa a bakin kogi sun san wannan sa'a, ita ce sa'ar da suke zagayawa da fitila. Idan kuma aka yi rashin sa'a wuta ta ɗauke cikin dare, injin iska da mataci suka tsaya, to nan ne ake wayar gari da gawarwaki.

In wani ya sake mutuwa, kada ka yi saurin jefar da shi. Ka ɗaga murfin kumatunsa da ɗan tsinke ka duba naman da ke ciki, muddin bai daɗe da mutuwa ba. Na lafiyayyen kifi ja ne jawur. Idan ka gan shi ya koma ruwan ƙasa, kamar busasshen goro, nitirit ne ya shiga jininsa ya hana shi ɗaukar iska, kifin ya shaƙe ko da akwai iska a ruwan. Idan ka ga majina ta lulluɓe shi, gefensa ya zagwanye, ga jajayen layuka a wutsiya da fukafukai, ka zargi amoniya ko kulorin.

Abin da za ka yi daga yau ga shi. Ka daina kwashe kifi, ka daina wanke akwati. Ka samu tiyo siriri da bokiti sabo wanda bai taɓa ganin sabulu ba, ka ware shi don wannan aiki kaɗai. Yau ka zuƙe rabin ruwan, kana bi da bakin tiyon ta saman tsakuwa don ya ɗauke ragowar abinci. Daga gobe, kashi ɗaya cikin uku kowace rana na tsawon mako guda, sannan kwana biyu-biyu, har ka sauka zuwa kashi ɗaya cikin huɗu a mako. Ruwan da za ka mayar kuwa ka tara shi tun jiya a buɗaɗɗen mazubi, ya kwana ya yini, kulorin zai tashi, in ka sa masa bakin injin iska ya fi sauri. Idan ka samu ruwan maganin da ke kashe kulorin a wurin masu kayan kifi, ya fi, domin nan take yake aiki. Wannan kaɗai ne maganin da zan ce ka kashe wa kuɗi, sai ma'aunin zafi da kayan gwajin ruwa. Ka ajiye mazubin a ɗakin da akwatin yake don zafinsu ya zo ɗaya. Ruwan tankin saman rufi da azahar kusan na wanka ne, na randa kuma ya fi na akwatin sanyi sosai. Bambancin digiri ɗaya ko biyu ba komai, amma biyar ko shida a lokaci guda yana kayar da kifin da ya riga ya galabaita. Idan an yi yankewar ruwa ya dawo, ka bar na farkon ya zuba, kada ka tara shi.

Soson mataci kada ruwan famfo ya sake taɓa shi. Sai ka ga gudun ruwa ya ragu, sannan ka cire shi ka matsa shi sau biyu ko uku a cikin tsohon ruwan da ka zuƙo daga akwatin, ka mayar da shi da launinsa. In kana da aboki mai akwatin da ya shekara lafiya, ba cuta, ka roƙe shi gutsuren tsohon sosonsa ko tafin hannu na tsakuwarsa, ka kawo a jiƙe cikin ruwansu ka sa a matacinka. Kamar yadda ake ɗiban tsohon nono a zuba wa madara don ta kama, haka wannan yake, kuma yana rage jiran sosai.

Abinci ka tsayar da shi kwana biyu cur. Na san yara za su ce kifi na jin yunwa, domin kullum suna zuwa gaban gilashi suna roƙo. Ka gaya masu lafiyayyen kifi yana yin mako bai ci ba kuma ba abin da zai same shi. Bayan haka sau ɗaya a rana, abin da za su cinye cikin minti biyu. Ka ɗauke gwangwanin abincin daga inda hannun yara zai kai. A gidan da akwai yara huɗu, kifi sau huɗu yake cin abinci, kowa yana ganin shi kaɗai ya ba shi. Burodi da tuwo da shinkafa kuma ba su da wuri a akwati.

Ka zuba gishirin girki, ƙaramin cokalin shayi ɗaya ga kowace lita 20, bayan ka narkar da shi a kofi. A wannan ɗan adadi yana tare wa nitirit hanyar shiga jinin kifi, kuma yawancin tsirrai za su jure. Gishiri ba ya tashi da tururi, don haka idan ka canza ruwa, na ruwan da ka cire kawai za ka mayar. Kanwa kuwa kada ta kusanci akwatin. Na taɓa jin ana ba da shawararta. Tana ɗaga pH, wato tana mayar da amoniyar da ke ciki ta fi da dafi. Haka ma ƙwayoyin maganin mutane da wasu ke ɓarewa su zuba, da shuɗin maganin nan da ke rina ruwa: sukan kashe ƙwayoyin da muke wahalar renonsu, ka koma gidan jiya.

Jajayen kifin da suka rage, shawarata ka fitar da su. Babbar roba ta lita 80 ko 100 a wuri mafi sanyi a gidan, da nata bakin iska, ta fi masu wannan gilashi. Ko ka ba wanda yake da wurin da ya dace. Akwatinka, idan ya nuna, zai riƙe ƙananan kifi irin gufi 8 zuwa 10 cikin kwanciyar hankali. Ka tuna gufi haihuwa take yi kusan kowane wata, ba da daɗewa ba za su cika wurin da kansu.

Don sanyaya ruwa, ka cire murfin akwatin ka juya ƙaramar fanka tana busa saman ruwan. A busasshiyar iskarmu ta bazara wannan kan sauke digiri biyu zuwa uku, wani lokaci fiye. Hikimar randa ce, tururin da ke tashi shi ke tafiya da zafi. Ruwa zai riƙa raguwa da sauri, sai ka riƙa cikawa, amma ka sani ciko ba canji ba ne: ruwa ne kaɗai ke tashi, datti da gishiri suna nan suna ƙara kauri. Ka rufe saman da raga don kada kifi ya yi tsalle. Ka matsar da akwatin daga taga da bangon da rana ke duka da yamma. Ranar da zafi ya kai maƙura, ka sa gorar ruwa mai ƙanƙara a rufe ta yi iyo a ciki, guda ɗaya, kana duba ma'auni. Injin iska ya kwana yana aiki, kada a kashe shi don ƙararsa. Abin da ke sa iska ta shiga ruwa motsin saman ruwan ne, saboda haka ka ɗaga bakin matacin yadda zai riƙa kaɗa saman. In da hali ka nemi ƙaramin injin iska mai batir ko mai caji. In babu, wuta ta ɗauke, ka ɗebi ruwan da moɗa ka kwararo shi daga sama sau goma ko ashirin, ka maimaita bayan kowane rabin sa'a, kuma kada a ba da abinci. Idan matacinka rufaffe ne, wuta ta yi sa'o'i da yawa ba ta dawo ba, ka zubar da ruwan da ya kwanta a cikinsa kafin ka kunna. Ka shinshina shi, za ka gane dalili.

Na ce raga, to ban ce sange ba. A nan zan tsaya kaɗan, domin wannan ya taɓa cin ni. Wata damina, sauro ya yi yawa, aka fesa maganin sauro a falo bayan isha'i aka rufe ƙofa, kamar yadda kowane gida ke yi. Akwatina yana nan, injin iska yana aiki, yana zuƙar iskar ɗakin yana tura ta cikin ruwa. Da na shigo bayan kamar sa'a guda, na tarar kifayen suna harbawa kamar an tsikare su, suna karo da gilashi, suna juyawa a gefe, jikinsu na karkarwa. Na canza ruwa har tsakar dare. Kifayen da na rena shekara biyu, uku kawai suka ga safiya. Sinadaran da ke cikin yawancin maganin feshi, da na kunnawa mai hayaƙi, da wanda ake jiƙa sange da shi, irin su fermetirin da deltametirin, dafinsu ga kifi ya wuce misali, ɗan abin da ba zai dami mutum ba ya isa. Saboda haka gutsuren sange mai magani ba ya zama murfi, bokitin da aka wanke sange a ciki ba ya ɗiban ruwan kifi. In dole a yi feshi, a kashe injin iska, a lulluɓe akwatin da jiƙaƙƙen zane, a buɗe tagogi iska ta wuce kafin a kunna. Turaren wuta ma a nisanta kaskon daga injin. Hannun da aka shafa wa mai ko turare, a ɗauraye shi da ruwa zalla kafin ya shiga akwati. Alamar guba irin wannan ita ce kifi duka su rikice lokaci guda. Naka kuwa ɗaya bayan ɗaya suke tafiya cikin makonni, shi ya sa ban sa wannan a gaba ba.

Cuta ta gaskiya tana iya biyo baya, domin kifin da ruwa ya wahalar ba shi da ƙarfin kare kansa. Wadda aka fi gani ita ce ta fararen ɗigo, kamar an barbaɗa wa kifi gishiri, yana goga jikinsa da dutse. A nan an fi ganinta a Disamba da Janairu, lokacin da sanyin dare ke sauke ruwa ƙasa da digiri 20. Tana da magani, amma maganin ba ya taɓa ƙwayar sai ta bar jikin kifi ta fito yawo, don haka ake ci gaba da shi kwanaki bayan ɗigon ya ɓace. Ba ka ambaci ɗigo ba, mu bar shi nan.

Mu koma ga tsirrai. Abu na farko da nake so ka duba: shin na ruwa ne ma kuwa? Ana sayar da tsirran tudu da yawa a matsayin na akwati saboda kyan ganyensu, irin mai kama da ƙaramin gora da masu ratsin fari ko ja. Ka ciro ɗaya ka riƙe shi a iska. Idan ya tsaya ƙyam da kansa, ganyen da kauri da sheƙi kamar na tukunyar fure, akwai yiwuwar na tudu ne, kuma a nutse ruɓewa zai yi cikin makonni, ya ƙara maka amoniya. Yawancin na ruwa na gaskiya langaɓewa suke yi da sun bar ruwa. Akwai waɗanda suka saɓa wa wannan, kamar anubiyas, ɗan asalin dazuzzukan yammacin Afirka da tsakiyarta, mai kaurin ganye, wanda kuma shi ne na fi ba masu farawa shawara saboda juriyarsa. Sai dai yana da sharaɗi guda: kaurin jijiyar nan da ke kwance, wadda ganye ke fitowa daga jikinta, ba a binne ta. A ɗaure ta da zare a jikin dutse ko itace. Wanda ya tura ta cikin tsakuwa, ruɓewa za ta yi daga ƙasa.

Ko na ruwan ne, sau da yawa a gonar da aka rene su ganyensu a waje yake, saiwa ce kawai a ruwa. Idan aka nutsar da su sai tsohon ganye ya narke, sabo mai dacewa da ruwa ya fito. Wannan ba mutuwa ba ce. Ka taɓa gindin: in yana da tauri, saiwar fara ce, ka yanke ruɓaɓɓen ganyen da almakashi ka ƙyale shi. In ya yi baƙi yana wari, ka fitar. Amma ka lura, kowace Juma'a kana tumɓuke su don wanke tsakuwa. Ko bishiyar dogon yaro ce ake cirewa duk mako a sake dasawa, ba za ta kama ba. Ga jan kifi, wanda cin ganye da tonon saiwa ɗabi'arsa ce. Ga ruwan da ya wuce digiri 30, wanda yawancin tsirran da ake kawowa ba sa so.

Haske kuma ya zama na fitilar akwati, sa'a shida zuwa takwas a rana, a kan lokaci guda. Ƙwan ɗaki bai isa ba, hasken rana kai tsaye kuma gansakuka zai haifar ya dafa ruwan. Da dare a kashe, kifi ma yana hutawa. Batun taki ka jinkirta shi har akwatin ya daidaita. In lokacin ya yi, ganyen zai gaya maka abin da ya rasa: sabon ganye ya fito fari-fari, ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, tsofaffi su yi rawaya daga ƙasa, abincin nitirat ne ya yi kaɗan, ƙananan huji kamar na allura, fotasiyom ne. Takin gona da na lambu kada ka gwada, da yawansu amoniya ce tsagwaronta ko abin da ke komawa ita.

A halin da kake ciki, tsiron da zai fi yi maka aiki yana nan kusa, kyauta: kainuwa, dashen Allah. Tana iyo a sama, tana shan iskar waje, saiwarta na zuƙe amoniya da nitirat da sauri, tana yi wa ruwa inuwa, ƴaƴan gufi kuma suna ɓuya a cikin saiwar. Kada dai ta rufe fiye da kashi ɗaya cikin uku na saman, kuma tana son haske. Amma kada ka ɗebo ta daga kogi ko fadamun shinkafa ka jefa kai tsaye. Ƙananan dodon koɗin da ke maƙale a irin waɗannan wurare su ne ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, kuma yaranka za su sa hannu a wannan ruwa. Ka ɗebo da safar hannu ko leda, ka wanke, ka tsince duk dodon koɗi da ƙwansa mai kama da majina a bayan ganye, ka ajiye ta a roba daban mako biyu zuwa uku kana canza ruwa kana dubawa. Mafi alheri ka ɗauki ƴaƴan da ta tofo a robar ka bar uwar. Ƙananan kifin kogi ma kada a kawo su: tarwaɗa za ta haɗiye gufi cikin dare, karfasa kuma ba ta barin saiwa a ƙasa.

Wata magana kan duwatsu da ruwan kansa. Ruwan famfon Yamai daga kogi yake, kuma ruwan kogin ba shi da ma'adinai masu yawa, don haka pH ɗinsa a cikin akwati yakan iya faɗuwa idan aka daɗe ba a canza ba. Gufi da moli kuwa sun fi son ruwa mai ɗan nauyi. Ɗan gutsuren farar ƙasa, irin dutsen da ya yawaita a ƙasar Adar har ake yin siminti da shi a Malbaza, yana gyara wannan. Za ka gane shi idan ka ɗiga masa ruwan lemun tsami ko binegar ya yi kumfa. Amma ba yanzu ba, sai amoniya ta koma sifili, saboda dalilin da na faɗa game da kanwa. In kuma da ruwan rijiya ko na foraj za ka yi aiki, ka bar shi ya kwana da iska, domin daga ƙasa yake fitowa ba iska a cikinsa, kuma ka gwada shi, don rijiyoyin cikin unguwa da ke kusa da masai sukan zo da nitirat tun daga tushe.

Za ka san akwatin ya nuna idan gwaji ya ba ka amoniya sifili, nitirit sifili, mako guda a jere, nitirat kuma yana ƙasa da miligiram 40 a lita. In ba ka samu kayan gwaji ba, ka ƙirga mako shida daga ranar da ka daina wankin, ba mutuwa, ba taruwa a sama da asuba. Kafin nan ko kifi ɗaya kada ka ƙara, ko kyauta aka ba ka. Lissafin zai kai ka wajen saukar damina, zafi ya fara sauƙi, lokacin da ya fi dacewa da sabon kifi. Ka sayo biyu ko uku kawai, ka fara ajiye su a roba daban mako biyu kana lura da su. Ranar shigar da su, ka bar ledar ta yi iyo a akwatin minti 20, kana ƙara mata ruwan akwatin kaɗan-kaɗan, sannan ka ɗauke kifin da raga ka zubar da ruwan ledar a waje.

Ka auna mini zafin ruwan sau biyu, da asuba da kuma ƙarfe huɗu na yamma, kwana uku a jere, ka aiko tare da hoton tsirran, ganye da gindi, in gaya maka waɗanda za a bari da waɗanda za a fitar.